Sakaramento, garin da masu biyan bil su ne masu kamfanin wuta

Shekara 9 rabona da Yaya ido da ido, sai dai ta waya. Hajiya ce ta matsa ta ce tunda ita ƙafa ta hana ta doguwar tafiya toh ni in je in gano mata jikokinta, in dawo in ba ta labari da bakina. Haka na tashi daga Kano zuwa Abuja, daga nan Doha, daga Doha kuma muka shafe sama da awa 15 a sama kafin mu sauka San Faransisko a Amurka. Watan Yuli ne amma da na fito daga filin jirgi sai da na nemi rigar sanyi saboda iskar teku. Yaya ya ce kar ka saba da ita, yanzu za ka cire. Aikuwa muna bin babbar hanya mai lamba 80, muka haura wasu tuddai masu busasshiyar ciyawa muka gangara cikin kwari, sai ga zafi kamar an buɗe murfin tanda. Kafin mu shiga Sakaramento, babban birnin jihar Kaliforniya inda su Yaya suke zaune, allon mota ya nuna digiri 40. Zafin Kano ne na watan Afrilu sak, busasshe, wanda yake dukan fuska.

Ni sana'ata sola ce da inbata da batura, kusan shekara 12 ina ciki, don haka duk garin da na shiga idona a sama yake, falwaya nake kallo da wayoyi da yadda aka shigo da wuta gida. Ranar da na kwana biyu, da yamma wajen biyar da rabi na kwaso kayana masu datti zan zuba a injin wanki, sai Anti matar Yaya ta leƙo daga kicin ta ce dan Allah ka bari sai takwas ta wuce. Na ce Anti ɗauke wuta za a yi ne, ko wutar ce take rage ƙarfi da yamma? Ta ce a'a, kuɗin ne yake ƙaruwa. Daga ƙarfe 5 zuwa 8 na yamma a ranakun aiki farashin wuta ya fi tsada, musamman daga Yuni zuwa ƙarshen Satumba, saboda lokacin ne kowa yake dawowa daga aiki ya kunna esi da murhu gaba ɗaya, ita kuma rana ta fara faɗuwa sola ta rage. Wanki da wankin kwanuka da cajin mota duk sai a ja su zuwa dare. Ta ciro min takardar bil daga jikin firij, a samanta an rubuta SMUD, sunan kamfanin wutarsu kenan, su suna kiransa Simad.

Da Yaya ya dawo na tambaye shi wannan kamfanin na waye, sai ya ce namu ne. Na ɗauka irin "namu" ɗin da muke faɗa ne idan muna maganar gwamnati. Ya ce min a'a ƙanena, namu na gaske, ni nan da kake gani sau biyu ina jefa ƙuri'ar zaɓen wanda zai wakilci unguwarmu a hukumar gudanarwarsa. Ya zauna ya warware min. An raba yankin gida 7, kowace mazaɓa tana zaɓen darakta ɗaya na shekara 4, sunansa yana cikin takardar ƙuri'a ɗaya da ta gwamna da 'yan majalisa. Waɗannan mutum 7 su suke ɗaukar shugaban kamfani, su suke yanke farashi, su suke amincewa da kasafi. Babu masu hannun jari da ake raba wa riba ƙarshen shekara. Kuma ba ma'aikatar gwamnatin jiha ba ce, ba ta birni ba ce, wata ƙaramar hukuma ce mai zaman kanta wadda aikinta guda ɗaya tal, wuta, ga mutum kusan miliyan ɗaya da rabi. Gas ɗin girki ma wani kamfani ne daban yake kawo musu, ruwa kuma na hukumar birni.

Wallahi daren nan ban yi barci da wuri ba. Washegari na ce wa Yaya ni fa duk wuraren yawon da ka tsara min ka rage, ka kai ni in ga wannan abin daga tushe.

Ranar Asabar muka fara da Folsom, wani gari a gabas, tafiyar kamar rabin awa. A bakin Kogin Amurka akwai tsohon gidan wuta na jan bulo wanda yanzu ya zama gidan tarihi. Daga nan ne a watan Yuli na 1895 aka fara tura wuta zuwa Sakaramento, nisan kilomita 35, abin da a lokacin ya zama abin mamaki a duniya don ba a saba kai wuta mai ƙarfi nesa haka ba. Injinan guda 4 na General Electric suna nan a jere baƙaƙe, kowanne ya fi ni tsayi, allon makunnai kuma na dutsen marmara ne da manyan wuƙaƙen tagulla irin waɗanda ake ja da hannu. Na daɗe a gaban allon nan. Mai aikin wuta ne kawai zai gane abin da nake ji, ka ga inda hannun wani ma'aikaci ya goge ƙarfe har ya yi santsi, kuma injinan sun yi aiki har 1952. Wannan gidan wutar da layukan cikin gari duk daga baya sun koma hannun kamfanin 'yan kasuwa mai suna PG&E, wanda har yau shi ne babba a arewacin Kaliforniya.

A nan ne labarin ya fara daɗi. A 1921 jihar Kaliforniya ta yi doka wadda ta ba mutanen kowane yanki damar su haɗu su kafa hukumarsu ta wuta ko ruwa idan sun amince ta hanyar ƙuri'a. Mutanen Sakaramento suka yi tasu ƙuri'ar a 1923 suka kafa SMUD. Sai dai kafawa daban, samun waya da falwaya daban, don duk kayan na PG&E ne kuma ya ce bai sayarwa. Aka shiga kotu. A yi hukunci a ɗaukaka ƙara, a ƙiyasta kuɗin kaya a ce ba a yarda ba, mutane kuma suka sake jefa ƙuri'a a 1934 suka yarda a ci bashin dala miliyan 12 da sunansu don a sayi layukan, aka sake komawa kotu, yaƙin duniya ya zo ya wuce ana nan ana yi. Sai a 1946 kotu ta tilasta cinikin a kan kimanin dala miliyan 13, ranar 31 ga Disamba na shekarar SMUD ya fara ba mutane wuta. Shekara 23. Yaron da aka haifa ranar ƙuri'ar farko har ya je yaƙi ya dawo ya yi aure kafin ƙwan farko ya kama da wutar kamfaninsu. Kuma abin da suka karɓa tsofaffin kaya ne, layuka kala-kala na tsofaffin kamfanoni da aka haɗe, wasu tun na ƙarni na 19, ga dubban mutane a layi suna jiran a haɗa musu wuta.

Wannan haƙurin ne ya fi tsaya min a rai. Mu in muka kafa kwamiti a unguwa wata 6 ya yi yawa, an watse.

Ranar Juma'a muka yi salla a masallacin titin V a cikin gari, ɗan ƙaramin masallaci ne wanda Musulmi 'yan asalin yankin Pakistan suka gina a 1947, ana cewa yana cikin mafi tsufa a yammacin Amurka. Na lissafa a raina, kenan shi da wutar garin kusan sa'anni ne. Da muka fito Yaya ya bi da ni ta wata gada mai ruwan zinariya da take kan Kogin Sakaramento. Muna tsakiyar gadar ya ce ka ga tsallaken can? Sakaramento ta Yamma kenan, wata ƙaramar hukuma ce daban, su wutar PG&E suke sha. Wani abokinsa ɗan Nijar yana can da iyalinsa, gidansu kusan girman na Yaya, amma bil ɗinsa na lokacin zafi yakan kusa ninka na Yaya. Kogi ɗaya ne tsakani. A 2006 an yi yunƙurin shigo da su da garuruwan Debis da Wudland cikin SMUD, aka kai ga ƙuri'a, PG&E ya kashe miliyoyin daloli wajen kamfe, ƙuri'ar ta faɗi.

Amma dai in za a yi adalci ba duka bambancin nan ne daga gaskiya da rashin gaskiya ba. Yankin SMUD yawanci gari ne a shimfiɗe, gidaje kusa da kusa, waya kaɗan ta ishi mutane da yawa. PG&E kuwa layukansa sun ratsa dazuka da duwatsu inda gobara take tashi, kowa ya san abin da ya faru a garin Paradise a 2018 inda wutar da ta tashi daga layinsa ta ci rai 85, kuma kuɗin gyara da diyya duk a bil yake ƙarewa. Sannan hukuma irin SMUD tana cin bashi da ruwa mai sauƙi, tana kuma da fifiko wajen sayen wutar madatsun gwamnatin tarayya mai arha. Duk da haka babban abin yana nan, kuɗin da zai tafi aljihun masu hannun jari su a nan gida yake zama.

Inda na fi so in ba ku labari shi ne Ranco Seko. Kudu maso gabas da gari ne, kamar kilomita 40, ka bar gidaje ka shiga gonakin inabi da makiyayar shanu, fili fetal, ciyawa ta bushe ta yi ruwan ƙasa kamar hanyar Daura da rani. Tun daga nesa za ka hango su, wasu dogayen hasumiyoyi guda 2 na kankare masu siffar turmi, kowanne tsayinsa ya kai mita 130, babu hayaƙi babu tururi, shiru. Tashar nukiliya ce. SMUD ne ya gina ta, ta fara aiki a 1975, ƙarfinta megawat 913, wato ita kaɗai a lokacin za ta iya ɗaukar kaso mai tsoka na garin.

Tashar ba ta yi sa'a ba. A 1978 wani ma'aikaci yana canza ɗan ƙwan fitila na allon sarrafawa sai ƙwan ya suɓuce ya faɗa ciki ya haɗa waya, na'urorin da suke nuna wa ma'aikata halin da tukunyar nukiliyar take ciki suka rikice, sai da aka sha wuya kafin a shawo kanta. Ni da nake aikin waya kullum na san yadda ƙaramin abu yake jawo babba, amma ƙwan fitila a tashar nukiliya, tsigar jikina sai da ta tashi. Shekara ɗaya bayan nan aka yi haɗarin tashar nukiliya ta Three Mile Island a jihar Pensilbaniya, kuma kamfani ɗaya ne ya ƙera tukunyar can da ta nan. A ƙarshen Disamba 1985 aka sake samun matsala, aka rufe tashar sama da shekara 2 ana gyara ana zuba kuɗi, bil yana ta hawa, a cikin haka kuma tashar nukiliyar Canobil ta Yukiren ta fashe a 1986. In aka haɗa duk rayuwarta ba ta ba da ko kashi 40 cikin 100 na wutar da aka gina ta don ta bayar ba.

Toh sai masu kamfani suka ce a tambaye su. A 1988 suka yi ƙuri'a suka ba ta dama ta gwaji. Ranar 6 ga Yuni 1989 aka sake yi, kashi 53 suka ce a rufe. Washegari aka kashe ta. Ba bayan shekara ba, ba a kafa kwamitin duba yiwuwa ba, washegari. Injiniyoyi da yawa ba su so ba, ma'aikata sun rasa aiki, kuma har yanzu akwai masu cewa kuskure aka yi tunda ga shi ana neman wutar da ba ta hayaƙi ido rufe. Ni kaina da na tsaya ƙarƙashin hasumiyoyin nan na ji zafin asarar, wannan uban gini da kuɗin talakawa shekara 14 kawai ya yi. Amma mutanen da za su kwana kusa da ita, su ne kuma suke biyan bashinta, su suka yanke, kuma suka ɗauki nauyin abin da ya biyo baya don shekaru suka yi suna biyan kuɗin kwance ta. Ragowar makamashin ma yana nan a wurin cikin manyan tukwane na ƙarfe da kankare ana gadi.

Yanzu wurin ya zama wani abu daban. Tafkin da aka haƙa don ajiye ruwan tashar ya zama wurin shaƙatawa, mun tarar da iyalai suna gasa nama, yara suna wanka, wani dattijo a kujerar roba da ƙugiyarsa cikin ruwa ko motsi ba ya yi. A gefen tafkin muka shimfiɗa darduma muka yi azahar. Ta ɗaya ɓangaren kuma faifan sola ne iya ganinka, layi-layi suna bin rana. Tun 1984 suka fara kafa sola a nan, megawat ɗaya, lokacin da duniya take ganin abin wasa ne, yanzu sabuwar gonar da suka ƙara ta kai megawat 160. Kusa da nan akwai tashar gas da suka buɗe a 2006. Na riƙe wayar shingen ina kallo ina lissafin faifai nawa ne a layi ɗaya, har Yaya ya ce ƙanena rana fa za ta illata ka, mu tafi.

Bayan rufe tashar sai suka rasa wuta mai yawa lokaci guda, dole suka nemi dabara. Shugaban da suka ɗauko a 1990, David Freeman, ya tsaya a kan cewa wutar da ba a sha ba ta fi kowace wuta arha. Cikin abin da suka fara a shekarar har da rabon bishiyoyi kyauta. Kai mai mita ne, za a turo wanda zai duba gidanka ya nuna maka inda za ka dasa, yawanci ta yamma inda rana take dukan bango da la'asar, a kawo maka dashen har gida. Sun raba sama da rabin miliyan. A bayan gidan Yaya akwai guda 2 da suka dasa shekarar da suka tare, yanzu sun rufe tagar ɗakin yara gaba ɗaya, kuma na gwada da hannuna, bangon da yake inuwa da wanda yake rana kamar ba gida ɗaya ba. Kamfanin sayar da wuta yana ba ka bishiya don ka rage shan wutarsa. Wanda riba yake nema zai yi wuya ya fara wannan tunanin da kansa. Na tuna darbejiyar ƙofar gidanmu da aka sare aka yi shago.

Dutse kam sau ɗaya muka hau, ta hanya mai lamba 50 wadda take zuwa tafkin Taho. A can saman duwatsun Siyara Nebada suna da madatsu da suka fara ginawa tun 1957, a jere kamar matattakala, ruwan ƙanƙarar da ta narke ya juya injin na sama ya gangaro ya juya na ƙasa, haka har ƙasa, kusan megawat 700 gaba ɗaya. Ruwan sanyi ƙarara ko a Yuli. Ba mu daɗe ba, yara sun gaji.

Kar wani ya ɗauka aljanna nake ba da labari. Su ma ana ɗauke musu wuta, Anti ta ce a guguwar Janairu 2023 bishiyoyi suka yi ta faɗowa kan layuka, gidaje dubu ɗaruruwa suka shiga duhu, wasu kwanaki suka yi. Kuma akwai rigimar da ta shafi sana'ata kai tsaye. Da, in kana da sola a rufin gidanka, rarar wutar da ka tura layi ana lissafa maka ita kusan a farashin da kake saya. A 2021 daraktocin suka yanke cewa sabbin masu sola za a riƙa biyansu senti 7.4 kan kowane yunit, wato kilowat-awa ɗaya. Masu harkar sola suka yi ca, suka ce an kashe musu kasuwa. Hukuma kuma ta ce tsohon tsarin yana sa ɗan haya da talakan da ba shi da rufin kansa su ɗauki nauyin gyaran layi a madadin mai hali. Ni mai sola ne, zuciyata tana wajen 'yan sana'ata, amma hujjar can ma ba ta banza ba ce. Wani dare Yaya ya kunna min zaman hukumar a kwamfuta, don ana nuna shi kai tsaye kowa ya gani. Su 7 suna zaune a jere, mutanen gari suna fitowa ɗaya bayan ɗaya gaban makirfo ana ba kowa 'yan mintuna, wani da rigar aiki, wata da takarda a hannu tana karantawa muryarta tana rawa, kuma dole a zauna a saurare su har su gama. Yaya ya ce gaskiya yawancin mutane ba sa zuwa, wasu ko sunan daraktansu ba su sani ba, sai bil ya hau ake tunawa da su. Amma ƙofar a buɗe take.

A jirgin dawowa abin da nake ta juyawa shi ne taransfomar layinmu. Sau 3 tana ƙonewa a iya sanina, sau 3 muna karo-karo, gida-gida da littafi, mai shago kaza mai gida kaza, har zawarawa sai da suka bayar. Mu muka sayi falwaya 6 na ƙarshen layi, mu muka sayi waya, mu muke biyan mai gadin da yake kwana kusa da ita saboda ɓarayin mai da kebur. Wato aikin masu kamfani muna yinsa tun tuni. Abin da ba mu da shi takarda ce da ta ce kayan namu ne, da kujera a inda ake yanke magana. Na san tun 2023 an yi sabuwar dokar wutar lantarki da ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, kuma na ga ƙauyukan da aka kafa wa ƙaramar tashar sola suna biya ta mita ba rigima. In jiha za ta iya ba kamfani lasisi, me zai hana doka ta ba unguwanni ko ƙaramar hukuma damar su kafa tasu hukumar, su zaɓi masu riƙe ta, a karanta musu lissafi a fili?

Na iso gida da daddare, layin duhu, janareto na ta kuka ta ko'ina. Da safe na je na gaida Hajiya na nuna mata hotunan jikokinta, ta yi ta shafa fuskar wayar tana sa musu albarka. Da ta zo kan hoton hasumiyoyin nan biyu ta ce wannan kuma rumbun waye haka? Na ce Hajiya labarinsa da tsawo, bari in dawo da yamma. Daga nan na wuce gidan mai unguwa, na ce ranka ya daɗe, littafin nan na karo-karon taransfoma yana wajen wa, ina so in kwafi sunayen da abin da kowa ya bayar tun daga na farko. Ya aika yaro ya ɗauko, littattafai 3 ne, na farkon ruwa ya taɓa shi amma ana iya karantawa.